Wasan Kirsimeti: Wa Ake Yi Wa Dariya?

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, majami'un Kafanchan da na garuruwan kewaye, daga Kagoro da Manchok har Zonkwa da Kwoi, sukan shiga shirin Kirsimeti. A cikin shirye-shiryen kuwa babu abin da yake jan jama'a kamar wasan kwaikwayo. Zumuntar matasa tana da nata, zumuntar mata tana da nata, yaran Makarantar Lahadi su ma ba a bar su a baya ba. Babu wanda wasa ne sana'arsa a cikinsu. Tela ne da malamar firamare da ɗan acaɓa da mai sayar da citta, waɗanda sukan taru da yamma bayan an tashi daga aiki, su yi ta maimaita magana da waƙa har dare. Zanen gado shi ne labule, bencin majami'a shi ne karagar Hirudus, auduga kuwa ita ce gemun Ibrahim.

Yawancin wasannin nan gamin waƙa ne da raha. Akan nuna mashayin da ya sayar da buhun masara ya kai kuɗin gidan burkutu, da matar da gulma ta hana ta girki, da dattijon da yakan yi barci tun ba a gama karatun aya ba. Kowanne yana da waƙarsa, ana kaɗa ganga da tulu da caki, majami'a ta ɓarke da dariya har da hawaye.

Dattawan ikkilisiya ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan al'ada ba. Waɗansu suna ganin dariya ba ta dace da ɗakin sujada ba. Waɗansu kuma suna cewa gani ya kori ji, abin da wa'azin sa'a guda bai isar ba wasan minti ashirin yakan isar. Dukansu suna da abin faɗi. Amma akwai tambayar da ta fi wannan gardama nauyi, wadda ba safai ake yin ta ba: idan majami'a ta yi dariya, wa ake yi wa? Amsarta ita ce take raba wasan da yake gina ikkilisiya da wanda yake rushe maƙwabtaka.

Hujjar masu cewa a hana

Bai kamata a raina masu ƙin wasa ba, domin ra'ayinsu yana da dogon tarihi. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, malamin ikkilisiya na birnin Kartaj a Arewacin Afirka, ya rubuta littafi guda yana gargaɗin masu bi su nisanci wasannin Romawa, saboda an haɗa su da bautar gumaka da batsa da zubar da jini. A Ingila, majalisar dokoki ta rufe gidajen wasan birnin Landan a 1642, ba a sake buɗe su a fili ba sai 1660. A Nijeriya ma, wajen farkon shekarun 1960, Duro Ladipo ya sha suka daga shugabannin majami'arsa a Oshogbo domin ya shigar da gangunan gargajiya cikin waƙoƙin Ista, abin da ya sa ya kai fasaharsa wajen majami'a.

A kudancin Kaduna akwai ƙarin dalili. Tun lokacin da 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kwoi a 1910, masu bi na fari sun fito ne daga al'ummar da sa sutura ta musamman da sauya murya aikin dodo ne. Mutumin da ya sha tsangwama don ya rabu da dodo ba zai ji daɗin ganin jikansa ya rufe fuska yana tsalle a gaban bagade ba. Ga kuma gargaɗin manzo Bulus a Afisawa 5:4, inda ya lissafta maganar wauta da ba'a marar tsabta cikin abubuwan da ba su dace da tsarkaka ba. Wanda ya ce a yi hattara, da Littafi a hannunsa ya faɗa.

Littafi Mai Tsarki bai hana dariya ba

Duk da haka, wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe ba zai ce Allah yana ƙin dariya ba. Mai Hadishi 3:4 ya ba dariya lokacinta kamar yadda ya ba kuka nasa. Karin Magana 17:22 ta kamanta zuciya mai fara'a da magani. Sunan Ishaku, ɗan alkawari, daga kalmar dariya aka ciro shi, domin Saratu ta yi dariyar shakka a bayan ƙofar alfarwa, daga baya kuma ta yi ta murna da jariri a hannu.

Ubangiji Yesu kansa ya yi koyarwa da hotunan da suke sa mai ji murmushi. Ya zana mutumin da yake ƙoƙarin cire ɗan haki daga idon ɗan'uwansa alhali gungume yana cikin nasa (Matiyu 7:3-5), da malamin da yake tace ƙwaro daga abin shansa amma ya haɗiye raƙumi (Matiyu 23:24). Annabawa kuma sun yi wa'azi da jikinsu: Irmiya ya rataya karkiya a wuya ya shiga cikin jama'a, Ezekiyel ya zana Urushalima a kan tubali ya kewaye ta da sansani kamar yaro mai wasan ƙasa. Littafin Yunusa kuwa, duk da nauyin saƙonsa, labarin mai wa'azi ne da ya yi fushi don wa'azinsa ya karɓu.

Haka kuma wasan waƙa a Nijeriya a majami'a ya yi jego. A 1944 Hubert Ogunde, wanda a lokacin ɗan sanda ne, ya shirya wasansa na fari a Legas a kan labarin gonar Aidan, don wata majami'ar Aladura. Daga wannan ɗan ƙaramin aiki na sa kai ne babbar sana'ar wasan Yarabawa ta zamani ta tashi. Don haka batun ba na a yi wasa ko a bari ba ne. Batun shi ne irin wasan.

Wasanni biyu a cikin Littafi

Akwai wurare biyu a Littafi Mai Tsarki da ya kamata duk mai shirya wasa ya ajiye su kusa da juna.

Na fari yana cikin 2 Sama'ila 12. Annabi Natan ya zo gaban sarki Dawuda da ƙagaggen labari na attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci, sa'an nan annabin ya bayyana masa cewa kansa ya hukunta. Labarin ba na dariya ba ne, amma dabararsa ita ce dabarar kowane wasan raha na gari: a sa mutum ya ga laifi a jikin wani, ya ƙi shi da zuciya ɗaya, kafin ya farga cewa madubi aka riƙa masa. A lura da abubuwa uku. Wanda ake nufi yana zaune a wurin. Shi ne mai ƙarfi, ba mai rauni ba. Abin da aka nuna masa kuma abu ne da zai iya tuba daga gare shi, ya kuwa tuba.

Na biyu yana cikin Matiyu 27:27-31. Sojojin Bilatus su ma ba 'yan wasa ba ne na sana'a, amma sun shirya wasa cikakke. Sun tara 'yan kallo, wato dukan ƙungiyar soja. Sun samo sutura, jan alkyabba da rawanin ƙaya da sandar kara. Sun raba aiki, suna durƙusawa suna gaisuwar sarauta. Babu shakka an yi dariya a farfajiyar nan. Amma wanda ake yi wa dariyar ɗaurarre ne, shi kaɗai, baƙo a cikinsu, ɗan al'ummar da suke mulka. Ba gyaransa suke nema ba, ƙasƙancinsa suke sha'awa. Haka Filistiyawa suka yi da Samson bayan sun ƙwaƙule masa idanu, suka fito da shi ya ba su nishaɗi a haikalin Dagon.

Kowane wasan raha da aka taɓa yi a majami'a yana bin sawun ɗaya daga cikin biyun nan. Ko dai na Natan ne, ko na sojoji. Abin tsoro shi ne, daga waje ba a bambanta su da ƙarar dariya, domin na sojoji yakan fi ƙara.

Abin da waɗansu ƙasashe suka koya

Wannan jarraba ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Ingila ta ƙarni na 15, mutanen gari ne da ƙungiyoyin masu sana'a suke yin wasannin Littafi Mai Tsarki a tituna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara, wanda ake dangantawa da garin Wakefield, labarin makiyaya ne a daren haihuwar Almasihu. Wani ɓarawo ya sace musu tunkiya, matarsa ta naɗe ta a zane ta kwantar a gadon jariri, tana nishi kamar mai jego. Da asiri ya tonu, makiyayan ba su nemi ransa ba, wurgi suka yi ta yi da shi a cikin bargo har suka gaji. Bayan haka ne mala'ika ya bayyana, suka tafi Baitalami suka sami Ɗan Ragon gaskiya a komin dabbobi. Masu kallo sun yi wa talaucinsu da wayonsu dariya, suka ƙare a durƙushe. Wannan shi ne wasan Kirsimeti da ya san inda ya dosa.

A ƙauyen Oberammergau na Jamus kuwa, mazauna sun yi wa'adi a lokacin annoba, suka fara wasan shan wuyar Almasihu a 1634, suna maimaita shi kusan kowace shekara goma har yau. Niyyarsu ta ibada ce. Amma shekara da shekaru wasan yana nuna Yahudawa a matsayin mugaye masu kwaɗayin kuɗi, har Hitila ya kalle shi a 1934 ya yaba. Sai bayan doguwar suka daga Yahudawa da Kirista aka yi wa rubutun da suturar gyara mai zurfi, musamman daga 1990 zuwa gaba. Mutanen kirki ne, masu zuwa sujada, suka shafe ƙarnuka suna koya wa 'ya'yansu ƙin maƙwabci ba tare da sun lura ba.

Misali na uku ya fito daga irin wasan waƙa da raha da Turawa suke kira opereta, wanda har yanzu ƙungiyoyin sa kai na ƙananan garuruwa suke yi a Ingila da Amurka. Fitattun masu shirya shi su ne Gilbert, mai rubuta magana, da Sullivan, mai tsara kiɗa. Sullivan ɗin nan shi ne ya tsara muryar sanannen waƙar sujadar nan ta sojojin Almasihu da 'yan Birged suke maci da ita, shaida cewa hannu ɗaya yana iya yin waƙar ibada da ta raha. A wasansu na Pinafore, na 1878, sun nuna wani da ya zama shugaban rundunar jiragen ruwa alhali bai taɓa aikin teku ba. Ingilishi suka yi wa kansu da manyansu dariya, ba wanda ya cutu. A wasan Mikado kuwa, na 1885, Ingila ɗin dai suke zolaya, amma sun sa mata tufafi da sunayen Japan na ƙarya. A 1907 hukuma ta dakatar da wasan na ɗan lokaci don gudun ɓata wa wani yariman Japan da ya kawo ziyara rai. A 2014 wata ƙungiya a birnin Siyatil na Amurka ta sha suka a kansa, a 2015 kuma wata a Niyok ta janye nata har sai da ta sake fasalinsa. Masu wasan sun ce ba su nufi kowa da sharri ba, mai yiwuwa kuma gaskiya suka faɗa. Amma sun ari fuskar wani sun yi wasa da ita ba tare da sun tambaye shi ba.

Nauyin magana a Kafanchan

Abin da ya zama muhawarar jarida a waɗancan ƙasashe, a kudancin Kaduna batu ne na rai da mutuwa. Tun shekarun 1920, lokacin da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa, garin ya zama mazaunin Fantswam da Nikyob da Bajju da Atyap da Ham da Agworok, tare da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa. Kasuwa ɗaya suke ci, asibiti ɗaya suke zuwa. Garin kuma ya san farashin magana. Rikicin watan Maris na 1987 ya tashi ne a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan daga gardama a kan kalmomin da aka faɗa a wani taron ɗalibai, cikin 'yan kwanaki kuwa wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Zangon Kataf ta biyo baya a 1992. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓe, an yi asarar rayuka masu yawa a Kafanchan da Zonkwa, kasuwar Kafanchan kuma ta ƙone. A 2016 wakilan al'ummomi 29 na yankin suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, suna neman gafarar juna. Ba wasan kwaikwayo ne ya haddasa ko ɗaya daga cikin rikicin nan ba. Amma duk wanda ya rayu a cikinsu ya san cewa magana zarar bunu ce, kuma abin da aka faɗa a ɗaki ba ya tsayawa a ɗaki. Balle a yau, da kowane saurayi yake da waya a hannu, wasan da aka yi da dare yakan kwana a Facebook da WhatsApp.

A irin wannan ƙasa ne ya kamata a dubi waɗansu 'yan wasa da suka zama ruwan dare a majami'u: Bafulatanin da aka mai da shi ko wawa ko ɓarawo, ɗan kasuwar Ibo da ba ya ganin komai sai kuɗi, mai rawani da carbi da ake kwaikwayon addu'arsa don a yi shewa, baƙauyen wata ƙabila da Hausarsa take karyewa. Sai kuma gurgu da mai in'ina da kurma da mai taɓin hankali, waɗanda ake shigo da su ba don komai ba sai don tafiyarsu ko maganarsu ta ba da dariya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake kira ga tuba, domin ba wanda yake tuba daga ƙabilarsa ko harshensa ko ƙafarsa. Littafin Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, wato cin zarafin wanda ba zai iya ji ko ramawa ba. Karin Magana 17:5 ta ce ba'a ga matalauci raini ne ga Mahaliccinsa. Yakubu 3:9 kuma ya yi mamakin harshen da yake yabon Allah, ya juya ya la'anci mutumin da aka yi cikin kamannin Allah.

Mutanen kudancin Kaduna sun fi kowa sanin ciwon wannan. Sun daɗe suna jin yadda ake kwaikwayon Hausarsu a wasannin barkwanci, har kalmar gwaranci ta zauna a harshe. Sun yi shekaru suna fafutukar a daina kiransu da sunayen da waɗansu suka laƙaba musu, a ce Bajju maimakon Kaje, Atyap maimakon Kataf, Ham maimakon Jaba. Wanda ya ɗanɗani wannan ɗaci bai kamata ya dama wa wani irinsa ba.

Amsa ga hujjoji uku

Akan ce, ai wasa ne kawai. Karin Magana 26:18-19 ta riga ta amsa: ta kamanta mai cutar da maƙwabcinsa sa'an nan ya fake da wasa da mahaukacin da yake harba kibau masu wuta. Kibiya ba ta tambayar niyyar maharbi. Gaskiya ne akwai wasan barkwanci tsakanin al'ummomi, kamar na Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zazzagawa, da na jika da kaka. Amma wannan yana da sharaɗi: ido da ido ake yinsa, kowa yana da damar ramawa, kuma an gaje shi bisa amana. Zolayar wanda ba ya nan, a gaban taron da ba nasa ba, ba barkwanci ba ce.

Akan kuma ce, ai Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a Dutsen Karmel. Haka ne. Amma Iliya shi kaɗai ne a gaban mutum 450 da fadar Ahab da Yezebel take ciyarwa, a gabansu ya faɗa, da ransa a hannu, kuma Isra'ilawa 'yan'uwansa yake kira su komo ga Allahnsu. Wannan ya yi nisa da ɗaruruwan mutane su kulle ƙofa su yi wa ibadar maƙwabcinsu shewa. Misalin da ya fi kusa da zaman Kafanchan shi ne na Bulus. Ya shekara biyu da wani abu yana wa'azi a Afisa har masu ƙera gumaka suka ji a aljihunsu, amma da hargitsi ya tashi, magatakardan gari ya shaida cewa abokan Bulus ba su saɓi allahiyar garin ba (Ayyukan Manzanni 19:37). Bisharar ta yi ƙarfi ba tare da zagi ba. Shi ya sa 1 Bitrus 3:15-16 ya haɗa ba da amsar bangaskiya da tawali'u da ladabi.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi. Akwai iyalan da aka kai wa ƙauyukansu hari da dare, suka binne 'ya'ya, suka bar gonaki. Idan irin waɗannan suka sami sauƙin zuciya ta wurin yi wa siffar wanda suke zargi dariya, wa zai hana su? Ba mai hankalin da zai raina wannan baƙin ciki, kuma ikkilisiya tana da hakkin yin kuka da neman adalci da babbar murya. Zabura cike take da irin wannan kuka. Amma wasan da ya ɗora laifin maharan a kan dukan ƙabila ba ya kama mai laifi ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya koya wa yaro ɗan shekara bakwai cewa matar da take kawo nono ƙofar gidansu maƙiyiya ce. Ciwon da aka mai da shi waƙa ba ya warkewa, gado yake zama.

Ƙarfin waƙa da kusancin 'yan wasa

Abubuwa biyu suna ƙara wa wasan majami'a nauyi. Na ɗaya shi ne waƙa. Maganar wasa takan shuɗe da dare, amma waƙa takan zauna a bakin yara har damina. Idan muryar da ta fi daɗi aka ba mashayi, ita za a ji a hanyar rafi, ba ta tubansa ba. Idan amshin waƙa yana ɗauke da sunan wata ƙabila, gobe da shi za a tari ɗan ƙabilar a makaranta. Mai tsara waƙar wasa malami ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Na biyu shi ne kowa ya san kowa. Wannan shi ne daɗin wasan sa kai, shi ne kuma haɗarinsa. Idan ɗan wasa ya kwaikwayi tafiyar wata gwauruwa ko tarin wani dattijo har jama'a suka juya suna kallonsa, wannan gulma ce da aka sa wa sutura. Idan kullum marayan da ke zaune a gidan kawunsa shi ake ba aikin bawa ko na Yahuza, 'yar mai kuɗi kuwa kullum ita ce Maryamu, yara sun koyi darasin da babu shi a rubutun wasan. Akwai samarin da sunan Shaiɗan ya bi su shekaru don sun sa baƙar riga sau ɗaya.

Wasan da ya cancanci majami'a

Kada a ɗauka cewa idan an cire waɗannan babu sauran abin dariya. Al'adar ƙasar nan ma ta nuna hanya. A wasan gauta, matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu, mai mulki ya ga halinsa ya gyara. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka sani da Samanja, ya shafe shekaru yana ba Arewa dariya da halayen soja a rediyo da talabijin na Kaduna, abin kuwa ya karɓu domin shi kansa tsohon soja ne, gidansu yake zolaya. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kowa ya taka nasa yakan hango na wani. Aikin wasan kirki shi ne ya sa mutum ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa.

Ikkilisiya kuwa ba ta rasa tuddai ba. Akwai bikin aure da ake ci bashin shekara uku a kansa. Akwai jana'izar da ake kashe wa gawa abin da aka hana marar lafiya. Akwai ɗan siyasar da ba a ganinsa sai ranar godiya ta kusa da zaɓe, da kwamitin gini da ya fi ginin tsufa, da zaɓen dattawa da ake yi bisa dangi da yare, da mai ba da baiko da yake ɗaga hannu don a ga launin takardar. Waɗannan duka abin dariya ne, masu yin su suna zaune a benci, kuma ƙofar tuba a buɗe take gare su.

Saboda haka, kafin a ɗaga labule, ya kamata fasto ko dattijo ko uwar zumunta ya zauna a wurin gwaji, ba don ya kashe raha ba, sai don ya yi tambayoyi kaɗan. Abin da ake zolaya hali ne da mutum zai iya bari, ko halitta ce da Allah ya ba shi? Da wanda ake kwaikwayo yana zaune a layin gaba, za a iya yin wasan yadda yake, a kuma gaisa da shi bayan an tashi? Akwai wani ɗan ikkilisiya da za a gane shi a ciki? Wace waƙa ce yara za su tafi da ita gida? Iyaye su ma suna da nasu rabo. A hanyar komawa gida, uba ko uwa za su iya tambayar yaro abin da ya ba shi dariya da dalilinsa. Amsar yaron ita ce sakamakon wasan na gaskiya.

Kirsimeti bikin Allah ne da ya sauko ya ɗauki siffar bawa, aka haife shi a garin da ba a sami masauki dominsa ba, ya yi gudun hijira yana jariri, ya girma a Galili, yankin da ake gane mutanensa ta karin harshensu, kamar yadda aka gane Bitrus a farfajiyar babban firist. A ƙarshe shi aka sa wa jan alkyabba aka yi wa dariya. Duk lokacin da majami'a ta fito da baƙo ko gurgu ko mai karyayyen harshe don a yi masa shewa, ya kamata ta tuna a wane gefen farfajiyar Ubangijinta ya tsaya. Jama'ar da aka gafarta wa zunubi ta fi kowa ikon yi wa kanta dariya, domin ba ta da sauran abin ɓoyewa. Allah ya ba ikkilisiyarsa irin wannan dariya, wadda maƙwabci zai ji ta daga bayan katanga ya yi marmarin shigowa.